Ɗana mai otizim ba ya barin tabarau a fuskarsa, ko in koma wa kwantak?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa shida, kuma tun yana ɗan shekara uku aka tabbatar mana yana da larurar otizim. Maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu. Wata huɗu da suka wuce na lura idonsa na hagu yana shigewa ciki idan ya ƙura wa abu ido. Muka kai shi asibiti, aka ɗiga masa magani aka auna, aka rubuta masa tabarau, +4.50 a dama, +5.50 a hagu. Tun ranar da muka karɓo bai taɓa bari ya yi minti biyu a fuskarsa ba, har ya karya guda biyu. Mahaifinsa ya ce a ƙyale shi sai ya yi wayo. Wata ƙawata ta ce in nemi irin wanda ake ɗorawa a cikin ido, wata kuma ta ce akwai tabarau mai launi da ke kwantar wa irinsu da hankali. Na rasa wanne zan kama."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi, ya ba ki ladan ɗawainiya. Idan na fahimce ki, tambaya uku kika haɗa a guda: ko jira zai yiwu, me ya sa yake fizge tabaran, sannan ko kwantak, wato wanda ake ɗorawa a cikin ido, ko gilashi mai launi zai fitar da ku. Zan fara da shawarar mahaifinsa, domin ita ce wadda lokaci ke ƙure wa.

Abin da ya hana a jira

Lambobin da kika kawo masu alamar tarawa suna nufin idon ɗanki ya ɗan gaza tsawo daga gaba zuwa baya, don haka hoton abin da yake kallo ba ya sauka daidai a kan labulen da ke bayan ido. Yaro yana da wata tsoka a cikin ido da yake matsewa ya jawo hoton ya zauna, shi ya sa iyaye da yawa ke cewa ai yana gani sarai, har allura yana tsinta a ƙasa. Gaskiya ne yana gani, amma da ƙarfin tsiya. Kuma wannan tsoka a ɗaure take da tsokokin da ke juyo idanu biyu ciki idan za a kalli abu na kusa. Da zarar ya matse ta da yawa, sai idon da ya fi rauni ya zarce ciki. Wannan ce harara-garken da kika gani a hagu.

Daga nan ƙwaƙwalwa takan sami hoto biyu da ba su yi daidai ba, sai ta zaɓi mai kyau ta yi watsi da ɗayan. Idon da aka yi watsi da shi lafiyarsa lau, amma hanyarsa zuwa ƙwaƙwalwa ba za ta ginu ba. Wasu masana biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, sun nuna haka a shekarun 1960, inda suka rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya tun suna ƙanana, da aka buɗe daga baya idon bai koma gani yadda ya kamata ba, alhali babbar kyanwa da aka yi wa haka ba abin da ya same ta. Aikin da ya kai su ga lambar Nobel ke nan a 1981. A ɗan Adam, wannan hanya ta fi ginuwa kafin shekara bakwai zuwa takwas. Bayan nan ana iya samun ci gaba, amma ba kamar da ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanki yana da shida. Ki gaya wa mahaifinsa cikin ladabi cewa a nan tabarau shi ne maganin kansa. Yara da yawa masu irin wannan lamba, tabarau kaɗai ke miƙar musu da ido ba tare da an kai ga tiyata ba.

Harara-garke da buƙatar tabarau sun fi yawa a tsakanin yara masu otizim, wadda wasu ke kira galahanga, fiye da sauran yara, kuma an fi makara wajen ganowa. Dalilin makarar yana ba ni haushi: duk abin da yaron ya yi, ko karo da ƙofa, ko manna fuska a jikin littafi, ko ƙin kallon allo, sai a ce ai larurarsa ce. Ke kin lura kin kai shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me yake gaya miki idan ya fizge shi?

Yaron da ba shi da kalmomin da zai ce "yana matse mini kunne" hannunsa ne bakinsa. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi wajen tantance larurori ya sa bambancin jin taɓawa, ƙara, haske da wari a cikin alamomin otizim kansu. Abin da ni da ke za mu manta da shi bayan minti biyar, kamar nauyin firam a karan hanci, shi yana iya jin sa daga safe har dare kamar yanzu aka ɗora. Saboda haka kafin a fara maganar sabar masa, sai an gano abin da yake gudu. Wurare uku nake dubawa.

Na farko gilashin kansa. Akwai abin da ba kasafai ake gaya wa iyaye ba. An auna idon ne bayan an ɗiga maganin da ke kwantar da waccan tsoka, shi kuwa tabarau ya zo bayan maganin ya sake shi. Tsokar ta koma matsewar da ta saba shekara da shekaru, ga kuma ƙarfin gilashi a kai, sai abu ya yi yawa. A kwanakin farko, yaro mai +5 yana iya ganin nesa dishi-dishi da tabarau fiye da yadda yake gani ba shi. Sai tsokar ta koyi saki, kuma ba za ta koya a minti biyu ba. To ta fuskar yaron, an ɗora masa abin da ya ɓata masa gani, ya cire ya ga garau. Wa zai ga laifinsa?

Sannan kuskure yana faruwa, a wajen awo ko a wajen yanka gilashi. Ni kaina na taɓa auna wata yarinya tana kuka tana fizge-fizge, na ɗauki tazarar da ke tsakanin idanunta a gaggauce don in sallame su. Uwar ta yi wata biyu tana fama, ana ce mata taurin kai ne. Da suka dawo na ɗiga alama a tsakiyar kowane gilashi na ɗora mata, sai ga alamar ta kauce wa ƙwayar idon da 'yan milimita a kowane gefe. A gilashi mai ƙarfi, wannan kaucewa tana jan ido, ta sa ciwon kai. Laifina ne. Aka sake yankawa, cikin mako biyu ta daina cirewa. Don haka ki mayar da tabaran a ɗora shi a na'urar karanta gilashi, aikin minti biyar ne. A tabbatar lambar ta dace da takarda, tsakiyar gilashin tana kan ƙwayar ido, kuma ba a musanya dama da hagu ba, domin da +4.50 da +5.50 ido ba ya bambance su.

Na biyu firam, kuma a nan na fi samun ɓarawon. Ki zauna daf da shi ki duba da kyau a cikin 'yan daƙiƙun da ya bari. Gashin idonsa yana shafar gilashin idan ya ƙifta? Gilashi mai alamar tarawa tsakiyarsa ce mai kauri, yana da nauyi, yana zamewa. Karan hancin yaro bai tashi ba tukuna, firam ɗin manya da aka ƙanƙanta ba ya samun wurin zama, sai ya sauko kan kumatu, duk murmushi ya ɗaga shi. Ki duba bayan kunne, inda hannun tabarau ke lanƙwasa, ko yana danna ƙashi. Ki duba maƙalar da ke naɗewa, ko tana cizon gashi. Ƙarfe yana da sanyi idan ya taɓa fata, wani yana ɗauke da sinadarin nikel da ke sa ƙaiƙayi, sabuwar roba kuma tana da warin da ke daf da hanci. Na ga yaron da matsalarsa duka ita ce 'yan robobin nan biyu da ke zama a gefen hanci. Aka ba shi firam mai gada guda a shafe, shi ke nan.

Ga gwajin da za ki yi a gida. Ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ya karya, in zai gyaru, a cire masa gilasan a bar firam zalla. Idan ya haƙura da firam zalla na minti biyar ko goma amma ya ƙi mai gilashi, to matsalar a ganin take. Idan shi ma ya wurgar nan take, taɓawar ce. Ki kuma tuna yadda yake yi da hula, da aski, da wanke fuska. Yawancin masu ƙin taɓawa, shafa mai sauƙi ta fi damunsu a kan matsa mai ƙarfi da ta tsaya wuri ɗaya, shi ya sa firam mai laushi da maɗauri mai faɗi da ya zagaye kai ya fi karɓuwa a wurinsu fiye da wanda ke rawa a fuska. Amma akwai waɗanda maɗaurin ne ba sa so ko kaɗan, sai an gwada.

Na uku shi ne wanda ya fi wuyar bayani: ganin da ya gyaru shi ma yana iya zama nauyi. Wani magidanci mai otizim, ɗan shekara talatin da wani abu, ya taɓa ba ni labarin ranar da ya fara sa tabarau. Ya ce da ya fita sai ya ga kowane ganye a kan bishiya daban, kowace tsaga a bango, kowane gashi a fuskar mai yi masa magana, duka a lokaci guda, babu wanda ya yarda ya koma baya. Ya koma gida ya kwanta a ɗaki mai duhu. Har yau idan ya shiga taro yakan cire tabaran ya riƙe a hannu, ya ce hazon nan hutu ne. Shi babba ne, idonsa ya gama ginuwa, ban hana shi ba. Ɗanki kuwa, ban da ƙarin kaifi, gilashinsa yana ƙara wa abubuwa girma, matakala ta zo inda ƙafa ba ta zata ba. In kuma yana cikin yaran da ke son kallo ta wutsiyar ido, gefen firam ya tsaya masa a hanya ke nan.

Yadda ake sabar masa

Bayan an gyara abin da zai gyaru, sai a fara daga ƙasa, ƙasa sosai. Daƙiƙa goma ta isa a ranar farko. Sirrin shi ne ke za ki cire kafin ya cire. Idan kin san yana kai hannu a daƙiƙa ashirin, ki cire a sha biyar, ki yaba masa, ki ajiye a akwatinsa. Abin da yake koya shi ne wannan abu yana da ƙarshe, kuma ba sai ya yi faɗa zai rabu da shi ba. Agogon da zai ga lokaci yana ƙarewa a kai yana taimakawa ƙwarai. Ki maimaita sau da yawa a rana, kina ƙara kaɗan-kaɗan, ranar da ya ƙi ki koma inda ya yarda jiya.

Ki zaɓi lokacin da tabaran zai biya shi. Tunda matsalarsa ta fi tsanani a kusa, ki ɗora masa lokacin da hannayensa biyu ke cikin abin da yake ƙauna a gabansa, jera 'yan motoci ne, ko zane, ko katun a waya. A kusa ne zai fara jin sauƙin, tun kafin nesa ta washe. Kada a fara da tafiya ko hawa matakala, kada a fara yana jin yunwa ko barci ko ya dawo makaranta a gajiye. Ki bar shi ya riƙe firam ɗin ya juya shi, ya ɗora wa abin wasansa, ya ga wani a gida yana sa nasa. Idan yana bin jerin hotuna na ayyukan rana, ki sa hoton tabarau a ciki, bayan wanke fuska misali. Malaman makaranta su bi tsari ɗaya da na gida. Riƙe hannu, tsawa, ko duka kuwa, abin da suke koya masa shi ne ya tsani akwatin tabaran tun daga nesa, kuma warware wannan ya fi fara sabo wuya.

A abin da na gani, yawancin yara irinsa sukan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin su kai ga sa shi yini guda. Idan an yi makonni babu motsi, akwai dabaru biyu a hannun likita. Yana iya ba da maganin ɗigawa na 'yan kwanaki, irin atirofin, wanda zai kwantar da tsokar, ta yadda ba tabarau komai hazo ne, da tabarau gani ya fi washewa. Yara da yawa da kansu suke neman tabaran a wannan makon. Amma maganin yana buɗe ƙwayar ido, haske ya dami yaro, wani jikinsa ya yi zafi fuska ta yi ja, don haka ba abin da za a saya a gwada ba ne, musamman ga yaron da haske ke damu dama can. Ko kuma a rage ƙarfin gilashin na ɗan lokaci a riƙa ƙarawa. Ga mai harara-garke mun fi son cikakken ƙarfi, domin shi ke miƙar da ido, amma tabarau mai ragi da ke kan fuska ya fi cikakke da ke cikin akwati.

Maganar karyawa gajeriya ce. A nemi firam ɗin roba mai lanƙwasuwa, ƙira guda ba maƙala ba kusa, da gilashin folikabonet ko Trivex, waɗanda ba su da nauyi kuma ba sa tarwatsewa. A yi guda biyu iri ɗaya, launi ɗaya, domin ranar da ɗaya ya karye kada a ce an kawo masa baƙo. Kuma ki sani, idan an yi wata uku zuwa huɗu yana sa tabarau idon hagu bai kamo ba, za a yi maganar rufe idon dama na wasu sa'o'i don na hagu ya yi aiki. Yara da dama tabarau kaɗai ke ɗaga musu gani a wannan tsakanin, wanda bai jure abin rufe ido ba kuma akwai hanyar ɗigawa.

Kwantak

Kwantak ɗan faifai ne mai laushi, siriri kamar ɓawon albasa, da ake ɗorawa a kan baƙin ido. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, shi ya fara ƙera mai laushin a 1961. Ƙawarki ba ta yi shirme ba. Kwantak yana kawar da kusan duk abin da na lissafa a sama: babu nauyi a hanci, babu matsi a kunne, babu gefen firam, babu ɗigon ruwa ko shatin yatsa, kuma abubuwa ba sa canja girma sosai. Ƙarancin shekaru ma ba ya hanawa, domin jariran da aka cire wa yanar ido iyayensu ne ke sa musu suna cirewa. Ina da manya masu otizim da suka ce ranar da suka koma kwantak ji suka yi kamar an sauke musu kaya. Akwai kuma waɗanda suka gwada suka dawo, suka ce suna jin gefensa a duk ƙiftawa, ko kuma sun yi kewar firam ɗin domin yana zame musu ɗan shinge tsakaninsu da idon mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake aunawa kafin in rubuta kwantak ba sunan larura ba ne, abu uku ne. Mai shi zai bari yatsa ya kusanci idonsa sau biyu kowace rana ba kokawa? Yana murza ido ko danna shi da yatsa? Kuma, wanda ya fi duka, idan idon ya fara zogi zai iya faɗa, ko ya cire da kansa?

Na ukun nan shi ne kan gaba saboda haɗarin kwantak ƙwayar cuta ce da ke cin fatar gaban ido, kuma tana da sauri. Wata irin bakteriya tana iya yin ɓarna cikin kwana ɗaya ko biyu ta bar hakiya ta dindindin. Akwai wata ƙwayar, akantamiba, da ke zama a ruwan famfo da na wanka, maganinta yana ɗaukar watanni. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da kwantak yana ninka haɗarin sau 6 zuwa 8. Abin da ke ceton ido shi ne mai shi ya ji raɗaɗi da wuri ya cire. Masu otizim da yawa ba sa jin ciwo yadda aka saba, ko suna ji amma ba ya fitowa ta hanyar da za a gane. Sai dai a ga yaro ya ƙi cin abinci ko yana buga kai, a yi ta neman dalili a wani wuri. Murza ido da ƙarfi kuma yana tura kwantak ƙarƙashin fatar ido, ban da cewa shi kansa murzawar na shekaru tana da alaƙa da sirancewar gaban ido har ya yi tsini.

To ga yaro ɗan shekara shida mai kalma ɗaya ko biyu, wanda bai yarda da abu a kan hancinsa ba tukuna, hukuncina shi ne a'a, ba yanzu ba. Kada a gudu gara a faɗa wa zago. Ba na cewa har abada. Idan an bi duk matakan can an gaza, idon hagu kuma yana ƙara ja baya, likitan idon yara zai iya auna haɗarin biyu ya ga wanne ya fi, kuma a lokacin ke ce za ki koyi sawa da cirewa da duba idon kowace safiya.

Ga manya da matasa masu otizim da ke karanta wannan, kwantak na yini guda da ake yarwa da dare shi ya fi, domin babu wanki babu akwati. Zan faɗi wani abu da na lura: cikin masu bin ƙa'idar tsabta sau da ƙafa, ba na da kamar ku. Inda ake samun tangarɗa shi ne nutsewa cikin aiki. Mutum ya ƙura wa kwamfuta ido sa'a biyar, ƙiftawa ta ragu, kwantak ya bushe, ko barci ya kwashe shi bai cire ba. Ƙararrawar waya tana maganin wannan. Wasu magungunan da ake sha don barci, damuwa ko tattara hankali suna ƙara bushewar ido, a gaya wa likita. Kuma ko da kwantak, tabarau ya zauna a kusa. Tiyatar leza kuwa, wadda ake yi don a rabu da tabarau, ta manya ce da lambar idonsu ta tsaya, tana iya barin bushewar ido da walƙiyar fitilu da dare, wanda haske ke damu ya yi dogon tunani.

Tabarau mai launi

A nan abu biyu ake cakuɗawa. Akwai damuwa da haske, wadda gaskiya ce kuma ta yi yawa a masu otizim. Dogayen fitilun nan farare na aji da ofis, musamman tsofaffin, suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, yawancin mutane ba sa lura, wasu kuwa kansu ke sarawa. Ga irin waɗannan, launi mai sauƙi yana iya kawo sauƙi. Akwai wani ja-ja mai suna FL-41 da aka fara gwadawa a Ingila a kan yara masu ciwon kai na ɓari ɗaya, kuma yana da ɗan abin dogaro a wannan fannin. Marubuciya Donna Williams 'yar Ostareliya, wadda ita ma mai otizim ce, ta bayyana cewa gilashi mai launi ya taimaka mata ganin abubuwa a haɗe. Ba na ƙaryata wanda ya ce ya ji daɗi.

Sai kuma da'awar cewa launi, ko gilashin firizim da ke karkatar da hoto, yana gyara hali, ko karatu, ko otizim ɗin kansa. Hanyar gilashi mai launi da wata Ba'amurkiya, Helen Irlen, ta yaɗa tun shekarun 1980 ita ta fi suna. A 2009 ƙungiyar likitocin yara da ta likitocin ido na Amurka sun fitar da matsaya tare cewa babu hujjar kimiyya da ta nuna gilashi mai launi yana maganin matsalar karatu. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu otizim kuma ƙanana ne, ba su isa a gina alkawari a kansu ba. Launi ba zai miƙar da idon ɗanki ba, lambar ce za ta yi. Idan kin ga yana runtse ido a rana ko yana guje wa ɗaki mai fitila, ana iya sa launi mai sauƙi a kan gilashin nasa na magani, ko irin wanda ke duhu da kansa a rana, ko a fara da hula mai baki. Abin da nake hanawa shi ne baƙin tabarau a cikin ɗaki yini guda, domin ido yana sabawa da duhu, haske ya ƙara yi masa zafi.

Kafin ku koma asibiti

Ban ga ɗanki ba, duk abin da na faɗa a kan lambobi biyu da bayaninki na gina shi, wanda ya haska cikin idonsa shi ke da magana ta ƙarshe. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai yaran da muka yi duk wannan ba su kai ga yini guda ba, muka tsaya a sa'o'in makaranta da lokacin aikin kusa, aka samu abin da aka samu.

Abubuwa kaɗan ba sa jiran ranar da aka ba ku: ido ya yi ja da kwantsa ko hawaye ba tsayawa, fari ya bayyana a ƙwayar ido, karkatar ta canja farat ɗaya, ko ya fara laluben hanya da magariba. Wannan na ƙarshe shi ne dundumi, kuma ana ganinsa a yara masu otizim da ba sa cin abinci sai kala biyu ko uku, saboda ƙarancin bitamin A. Idan yana shan maganin farfaɗiya mai suna tofiramet, ki sani yana iya kawo dishi-dishi da ciwon ido kwatsam a makonnin farko.

Ki roƙi a ba ku layin farko da safe, ko a bar ku ku jira a waje a kira ku, domin zaman jira yana cinye haƙurin yaro kafin a fara. Ba sai ya yi magana za a auna shi ba. Da 'yar fitila a hannu ake karanta lambar ido daga nesa da fuskarsa. Akwai kuma allon gwaji na Lea Hyvärinen, likitar ido 'yar Finlan, mai siffofi huɗu: gida, da'ira, murabba'i da tuffa. Ki zana su a kati ku yi wasan "nuna mini irinsa" a gida na mako guda, ranar awo sai ya nuna da yatsa. Ki tafi da tabaran duka har karyayyun, domin inda ya karye yana nuna inda yake ja. Ki ɗauki ɗan bidiyon idon lokacin da yake shigewa, da wani yana sanye da tabaran ko na daƙiƙa goma ne, sannan ki rubuta abin da ya faru da gwajin firam zalla.